Babi na Shida: Abdallah ag Umbadugu da Shigowar Jita Ƙasar Azbin

A tarihin kowace ƙungiyar kiɗan rok, wato salon kiɗan nan da ya tsiro a Amurka a shekarun 1950 ya kuma yi rassa a Ingila, wanda ƙashin bayansa shi ne jita mai aiki da lantarki tare da ganguna da wata jita mai kaurin murya da ake kira bas, akwai matsayi na daban da ake ba makaɗin jitar da aka kafa ƙungiyar da shi. Hannunsa ne yake aza muryar da za a riƙa shaida ƙungiyar da ita ko daga nesa aka jiyo ta, kuma duk wanda ya zo bayansa, ko da ya fi shi gwaninta, a kan sawunsa yake ɗora ƙafa, sai dai sau da yawa wanda ya yi sassabe ba shi ne yake cika rumbu ba. A Jamhuriyar Nijar, inda birnin Agadas ya zama cibiyar wani salon jita da a yau ake cika manyan dandalai na Turai da Amurka domin sauraronsa, mutumin da wannan matsayi ya hau kansa shi ne Abdallah ag Umbadugu, wanda takardun Faransanci ke rubuta sunansa Oumbadougou, jagora kuma makaɗin jitar farko na ƙungiyar Takrist n'Akal. An haife shi wajajen 1962 a yankin Agadas, ya rasu ranar 4 ga Janairu, 2020.

Kalmar "ag" da ke tsakiyar sunansa tana nufin "ɗan wane" a harshen Tamajak, harshen mutanen da Hausawa ke kira Abzinawa ko Azbinawa, saboda ƙasar duwatsun Azbin da ke arewa da Agadas, ko kuma Buzaye, kalmar da asalinta bayin Abzinawa take nufi kafin bakin Bahaushe ya game su duka da ita. Zumuntar da ke tsakanin mutanen nan da Hausawa tsohuwa ce ƙwarai. Tarihin baka na Gobirawa yana cewa daga Azbin suka gangaro kudu, ayarin raƙuman da ke ɗauko gishiri da dabino daga Bilma shi ne yake komawa da gero da fatu da turkuɗin Kura, wato baƙin yadin nan mai sheƙi da ake rinawa a ƙasar Kano domin rawanin Abzinawa, kuma har gobe Hausa ce harshen ciniki a kasuwar Agadas. Duk da haka, abin da akasarin mutanen Gusau ko Tsafe ko Bunguɗu suka sani game da Buzu bai wuce maigadin nan da ke zaune a ƙofar gidan wani attajiri ba, amawali ya rufe masa baki, takobi jingine da bango, ƙaramar butar shayi na tafasa a kan gawayi. Ba kasafai ake tambayar abin da ya raba makiyayin raƙuma da dabbobinsa ya zaunar da shi gadin ƙofar wani ba, alhali kuwa musabbabin wannan zama shi ne musabbabin kiɗan Abdallah.

Musabbabin shi ne fari. Daga ƙarshen shekarun 1960 ruwan sama ya yi ta ja da baya a faɗin Sahel har lamarin ya kai maƙura a 1973, sannan wani farin ya sake aukuwa a 1984, kuma tsakanin waɗannan masifu biyu garken raƙuma da awakin da rayuwar Abzinawa ta dogara a kansu suka ƙare a hannun iyalai masu yawan gaske. Ma'adinin yuraniyom da aka fara haƙa a Arlit a 1971 ya kawo wa gwamnatin Yamai kuɗi, amma makiyayin da bai yi makarantar boko ba bai samu komai a kamfanin ba in ban da aikin ƙarfi da gadi, gwamnatin soja ta Seyni Kunce kuma, wadda ta hau mulki a 1974, kallon zargi take yi wa mutanen arewa saboda kusancinsu da Libiya. Matasa suka watsu, wasu suka yo kudu zuwa Sakkwato da Kano har Legas, wasu da yawa suka nausa arewa zuwa Tamanraset a Aljeriya da garuruwan kudancin Libiya irin su Gat da Ubari da Sabha, suna aikin gini da dako da kiwon dabbobin wasu, ba takarda, ba tabbacin kwana. Waɗannan matasa su ne aka laƙaba wa suna ishumar, kalmar da aka lanƙwaso daga kalmar Faransanci mai nufin marar aikin yi, su kuma suka karɓe ta suka mayar da ita sunan alfahari. Da Mu'ammar Gaddafi ya yi kira ga matasan Abzinawa a 1980 su zo Libiya, da yawa daga cikinsu suka shiga sansanonin horon soja, wasu har aka kai su fagen daga a Labanon da Chadi, kuma a waɗannan sansanoni ne matasan Mali da na Nijar, waɗanda a da kowa ƙabilarsa da rijiyarsa kawai ya sani, suka fara ɗaukar kansu al'umma ɗaya mai kuka ɗaya.

Kafin a fahimci abin da jita ta yi a cikin wannan hali, wajibi ne a san yadda aka raba kiɗa a al'adar Abzinawa, domin a can ma, kamar a ƙasar Hausa, kowane abin kiɗa da mai shi. Akwai tande, wanda turmin daka ne ake rufe bakinsa da fatar akuya, a ɗaure fatar da taɓare biyu, mata biyu su zauna a kan taɓaren domin fatar ta miƙe, ana yayyafa mata ruwa lokaci zuwa lokaci, wata na kaɗawa da tafin hannu tana bayar da waƙa sauran na amsawa da tafi, maza kuwa na kewaya su a kan raƙuma. Akwai imzad, wanda ɗan'uwan goge ne, ƙwarya da fata da tsirkiya ɗaya ta gashin doki, kuma mata ne kaɗai ke goga shi. Akwai tahardant mai tsirkiya uku, ɗan'uwan molo, wanda aka fi sani a yammacin ƙasarsu, kuma maroƙa ne ke riƙe da shi, kamar yadda waƙar yabo a bukukuwan Azbin take hannun maƙera. Namiji ɗan asali yana iya tsara waƙa ya rera, amma bai kamata a gan shi rungume da abin kiɗa yana neman abinci da shi ba. Bazamfare ba zai yi mamakin wannan ba, tun da ya san kotso da taushi na fada ne, garaya ta mafarauta da 'yan bori ce, kalangu na mahauta ne, ya kuma san cewa Musa Ɗanƙwairo a gidan mahaifinsa ya tarar da kiɗa, kuma ɗan malami ko ɗan sarauta da ya ɗauki ganga sai dangi sun taru a kansa. Jita ta shigo wannan tsari a matsayin baƙuwa wadda ba gidan da ya gaje ta, ba ta mata ba ce, ba ta maƙera ba ce, ba ta maroƙa ba ce, don haka ba wanda zai ce saurayi ya zubar da girman gidansu in ya ɗauke ta. Wannan rashin asali na jita shi ne babban arzikinta, domin matasan da fari ya tuɓe wa dukiya da matsayi sun sami abin kiɗan da bai tambaye su ko su 'ya'yan wane ne ba.

Waɗanda suka fara buɗe wannan hanya Abzinawan Mali ne, Ibrahim ag Alhabib da Inteyeden ag Ablil da Alhassan ag Tuhami, waɗanda suka haɗu a Tamanraset a ƙarshen shekarun 1970 suka kafa ƙungiyar da daga baya duniya ta sani da suna Tinariwen. Abdallah ya mallaki jitarsa ta farko yana ɗan shekara goma sha shida, ya koya wa kansa ba tare da malami ba, saboda haka lokacin da ya bi sahun tsararrakinsa zuwa Aljeriya da Libiya a tsakiyar shekarun 1980 hannunsa ya riga ya faɗa, abin da ya tarar a can shi ne misalin yadda za a ɗora wa jita harshen Tamajak da damuwar ishumar. Wajajen 1987 ya kafa Takrist n'Akal, sunan da ke nufin gina ƙasa, wadda ita ce ta zama wa Abzinawan Nijar abin da Tinariwen ta zama wa na Mali. Muhimmancin wannan mataki ya wuce a ce an sami ƙarin ƙungiya ɗaya, domin Abzinawa ba baki ɗaya suke magana ba, karin harshen mutanen Kidal ta Mali daban yake da na Azbin da na Azawak, rijiyoyi da duwatsun da ake kewa su ma daban suke, kuma sai da aka sami mawaƙin da ke ambaton wuraren da ɗan Agadas ya sani, da lafazin da ya tashi yana ji a bakin mahaifiyarsa, sannan jita ta zama 'yar gida a Nijar.

Shi salon kiɗan, wanda Abzinawa da yawa ke kira asuf, kalmar da ta haɗa ma'anar kewa da kaɗaici da duhun dajin da ke bayan hasken wutar zango, yana da tsarin da kunnen Bahaushe zai gane nan take. Jita tana da tsirkiya shida, amma makaɗin asuf bai cika kama su gaba ɗaya ya sauya murya daga wannan rukuni zuwa wancan kamar yadda Turawa ke yi ba. Babban yatsansa yana dukan tsirkiya mafi kauri a kai a kai, tana bayar da murya guda wadda ba ta canjawa daga farkon waƙa har ƙarshenta, kamar yadda tsirkiyar ƙasa ta garaya ke riƙe kiɗa, yatsa manuni kuma yana tsinkar siraran tsirkiyoyi yana fitar da karin waƙar, yayin da yatsun ɗaya hannun ke bugun wuyan jitar suna ɗagawa da sauri, ta yadda murya ɗaya za ta fito da 'yan kwalliya biyu ko uku manne da ita, irin lanƙwasar da mai goge ke yi. Karin yana tafiya ne a kan matakan murya biyar, tsarin da kiɗan Hausa da na Zabarmawa da na Fulani duk suka saba da shi, wanda kuma shi ne tushen kiɗan bulus na baƙaƙen Amurka da rok ya fito daga cikinsa, shi ya sa ishumar da suka ji kaset ɗin Jimi Hendrix ko na ƙungiyar Dire Straits ba su ji baƙon abu ba. Jagora yana bayar da ɗango, jita ta maimaita abin da ya faɗa, 'yan amshi su karɓa, tafi na riƙe da ma'auni irin na tande, in ba ganga a kusa kuwa jarkar mai ko ta ruwa ta wadatar. Abin da ya bambanta Abdallah a cikin tsararrakinsa shi ne sauƙin karin waƙoƙinsa da yadda suke kama baki, waƙoƙi ne da yaro zai ji sau biyu ya tafi yana rerawa, kuma wannan sauƙi, wanda mai neman nuna gwaninta zai iya rainawa, shi ne ya sa suka yi tafiyar da ba mai shi ya kai su ba.

Bayan rasuwar Kunce a 1987, gwamnatin Ali Saibu ta gayyaci 'yan gudun hijira su dawo gida da alkawarin taimako, dubbai suka dawo daga Aljeriya da Libiya, amma alkawarin bai cika ba, aka bar su a sansanoni cikin ƙunci. A watan Mayu na 1990 wasu matasa suka kai hari ofishin jandarmomi a Cintabaradan, sojoji kuma suka mayar da martani a kan fararen hula na yankin, aka kashe mutane da yawa, kuma har yau adadin da hukuma ta bayar da wanda ƙungiyoyin Abzinawa ke faɗa sun yi hannun riga. Daga nan tawaye ya ɓarke a duwatsun Azbin ƙarƙashin jagorancin mutane irin su Rhissa ag Bula, daga baya da Mano Dayak, Abdallah kuma yana cikin waɗanda suka shiga daji, da bindiga da jita. Waƙoƙinsa na wannan zamani kira ne ga matasa su haɗa kai, su tuna ƙasar da suka baro, su daina barci, tare da kukan waɗanda aka kashe da kewar iyaye mata da aka bari a zango.

Yadda waƙoƙin suka yaɗu abin a tsaya a duba ne. Ba ɗakin ɗaukar murya, ba kamfani, ba gidan rediyon da zai saka su. Rikoda ce mai cin batir shida ko takwas ake ajiyewa a kan tabarma ko a kan yashi a gaban makaɗi, a danna maɓallan ɗauka biyu tare, duk abin da ya faru a wurin ya shiga kaset, da tarin wani, da ƙarar kofin shayi, da iskar da ke kaɗa bakin makirfo. Wanda ya kawo kaset ɗinsa ya tafi da shi, a wani gari a haɗa rikoda biyu baki da baki a kwafa, kwafin ma a kwafe shi, har sai muryar jitar ta dusashe cikin shuu kamar ana ruwa a kan kwano, amma kalmomin na nan ana ji. Direbobin manyan motoci da 'yan fasa-ƙwauri da mata masu zuwa ganin dangi su ne suka zama 'yan aike, kaset na tafiya cikin buhun gero ko ƙarƙashin sirdin raƙumi, ba suna a jikinsa, domin hukuma ta haramta waƙoƙin kuma wanda aka kama da su a shingen bincike yana iya kwana a tsare. Ga al'ummar da ke warwatse a ƙasashe huɗu ko biyar, wadda akasarinta ba ta karanta Faransanci, kaset ɗin nan shi ne jarida, shi ne rediyo, shi ne wasiƙa. Rashin sunan da ya kare mai ɗauke da kaset daga kamu kuwa shi ne daga baya ya hana mawaƙin cin gajiyar aikinsa, domin waƙar da ta shiga duniya ba suna ta zama ta kowa.

A nan akwai abin da bai kamata a tsallake ba. Marubutan Turai sun ƙaunaci hoton makaɗi da bindiga a kafaɗa ɗaya, jita a ɗaya, sun yi ta maimaita shi kamar ado, amma mai karatu a Zamfara, wanda ya san abin da ake nufi idan aka ce mutanen daji sun tare hanyar Gusau zuwa Tsafe, ko an hana mutanen Ruwan Bore zuwa gona, ba zai ga ado a jikin bindiga ba, kuma yana da gaskiya. Tawayen Azbin yana da buƙatun siyasa da aka rubuta aka kai teburin sulhu, wato rabon iko da rabon arzikin ma'adinai da shigar da mutanen arewa cikin aikin gwamnati, wannan kuwa ya raba shi da ta'asar masu satar mutane domin kuɗin fansa, amma duk da haka an tare hanyoyi, an ƙwace motoci, fatake da matafiyan da ba ruwansu sun rasa dukiya, wasu sun rasa rai, kuma waƙar da ta zuga saurayi ya shiga daji tana da kaso a cikin abin da ya aikata a can. Ƙasar da ta haifi Kassu Zurmi, mawaƙin 'yan tauri da mafarauta, ta san ƙarfin zuga sarai, ta san kiɗa yana iya tayar da tsumin namiji ya manta da mutuwa. Saboda haka darajar Abdallah ba za ta tsaya a kan shekarun daji kaɗai ba, dole a auna ta da abin da ya yi da jitar bayan an ajiye makamai, kuma a wannan awo ne ya fi nauyi.

An sa hannu a yarjejeniyar zaman lafiya a Yamai ranar 24 ga Afrilu, 1995, bayan shiga tsakanin Aljeriya da Burkina Faso da Faransa, ranar da aka mayar ranar hutu ta ƙasa, ko da yake wasu ɓangarori sun ci gaba da faɗa na ɗan lokaci, Mano Dayak kuma ya rasu a haɗarin jirgin sama a watan Disamba na wannan shekara. Abdallah, mutumin da a jiya ake ɓoye kaset ɗinsa, ya fito ya yi wasa a bainar jama'a a babban birnin ƙasa, inda Zabarmawa da Hausawa da yawa suka fara ganin fuskar mai muryar. A wannan shekara ce kuma ya tafi Kwatano, a Jamhuriyar Benin, ya ɗauki kundinsa na farko a ɗakin ɗaukar murya na gaske, Anou Malane, tare da mawaƙi kuma mai tsara sauti Nel Oliver, wanda ya shimfiɗa wa jitar gangar inji da fiyano mai lantarki irin na kiɗan rawa na biranen gaɓar teku. Masu son a bar kiɗan Sahara yadda suka ƙaga shi a ransu, wato jita da tafi da yashi, suna iya ganin wannan a matsayin gurɓatawa, amma wanda ya lura da lokacin zai ga hikimar abin. Waƙoƙin da aka saba ji a ɓoye cikin shuu na kaset sun fito tas, da kiɗan da za a iya taka rawa da shi a gidan biki, kuma wannan shi ne matakin farko na raba jita da sansanin yaƙi.

Mataki na biyu ya fi wannan wahala, kuma ba ya jawo tafi. Yarjejeniyar ta tanadi ɗaukar wasu tsofaffin 'yan tawaye aikin soja da kwastan da sauran ma'aikatu, amma guraben ba su isa kowa ba, ga kuma ƙannensu da suka taso a lokacin rikici ba makaranta ba garke. Abdallah ya kafa makarantun koyon kiɗa a Arlit da Agadas a farkon shekarun 2000, a daidai lokacin da aka yi bikin ƙona makamai a Agadas a watan Satumba na 2000, kuma a garin da jita mai lantarki da lasifika suka fi ƙarfin aljihun saurayi, samun ɗakin da za a shiga a taɓa kayan kiɗa a koyi ɗaurin tsirkiya ba ƙaramin abu ba ne. Sannu a hankali jita ta zama sana'a. Bikin aure a Agadas ya koma ba ya cika sai da ƙungiyar jita, masu yawon buɗe ido da ke zuwa ganin Azbin da hamadar Tenere suna biyan makaɗa, 'yan siyasa na ɗaukar su yaƙin neman zaɓe, kuma ƙungiyoyi irin su Etran de l'Aïr, wadda 'yan'uwa suka kafa a Agadas a tsakiyar shekarun 1990, a gidajen biki suka yi ƙarfi shekara da shekaru kafin wani kamfanin waje ya ji labarinsu.

Shahara a ƙasashen waje kuwa ta bi wata hanya ta bar shi a gefe. Tinariwen ce ta fara fita, bayan bikin kiɗan hamada na farko da aka yi a arewacin Mali a 2001, har ta kai ga lashe kyautar Grammy ta Amurka a 2012 da kundinta Tassili. Abdallah ya sami tasa ƙofar a 2005, lokacin da wasu makaɗa mazauna Faransa, cikinsu har da Guizmo na ƙungiyar Tryo da Daniel Jamet wanda ya yi jita a Mano Negra da Amazigh Kateb na Gnawa Diffusion, suka haɗu da shi suka kafa Désert Rebel, suka fitar da kundi a 2006 tare da fim ɗin da François Bergeron ya shirya a kan tarihin ishumar. An gina aikin a kan niyyar a yi rabon riba da adalci, wani kaso ya koma ga makarantun kiɗa na Nijar, kuma ya kai Abdallah dandalai da dama a Turai, amma bai mayar da shi tauraron da kamfanonin faifai ke rububi ba. Sannan a 2007 wani sabon tawaye ya tashi a arewacin Nijar, aka sa yankin Agadas cikin dokar ta-ɓaci, baƙi suka ɗauke ƙafa, hukuma ta sake kallon jita a matsayin muryar 'yan tawaye. Umaru Muktar, wanda aka fi sani da Bombino, ɗaya daga cikin matasan da suka taso a kan waƙoƙin ishumar, ya yi gudun hijira zuwa Burkina Faso bayan an kashe biyu daga cikin abokan kiɗansa, bai dawo ba sai a farkon 2010, lokacin da ya yi wasa a gindin hasumiyar babban masallacin Agadas. Bombino ne daga baya ya zama ɗan Nijar na farko da aka sa sunansa cikin 'yan takarar Grammy, da kundinsa Deran na 2018.

Reshen da ya fi kusa da ƙasar Hausa shi ne na Mahamadu Sulaiman, wanda duniya ta sani da Mdou Moctar, ɗan jihar Tawa, wanda ya sha faɗa cewa ganin Abdallah yana wasa ne ya sa masa son jita, har ya ƙera tasa ta farko da katako da wayar birkin keke, domin gidansu gidan addini ne da ba a maraba da kiɗa. Kundinsa na farko, Anar, a Sakkwato aka ɗauke shi a 2008, a irin ɗakunan da ake buga waƙoƙin finafinan Hausa, da gangar inji da na'urar nan mai lanƙwasa murya da mawaƙan nanaye suka saba da ita, ta yadda karin Azbin ya fito sanye da rigar Kano. Waƙoƙin ba su bi ta kasuwar faifai ba, daga waya zuwa waya suka yi ta tsallakawa ta Bluetooth da katin ajiya har Mali da Muritaniya, wato hanyar kaset ce ta dawo da sabon kaya, kuma a cikin wayoyin mutane ne Ba'amurke Christopher Kirkley ya tsinci ɗaya daga cikinsu ya saka ta a tarin waƙoƙin da kamfaninsa Sahel Sounds ya fitar, sannan ya shiga neman mai ita. A yau Mdou Moctar, wanda bahago ne kamar Hendrix, yana cikin makaɗan jitar da mujallun rok na Amurka ke ambata da girmamawa, ƙarar kiɗansa da saurinsa sun yi nisa da natsuwar Takrist n'Akal, amma babban yatsan da ke riƙe da murya guda a ƙasa da amshin da ke bin jagora duk suna nan inda aka aza su.

Kamfanin Sahel Sounds ɗin ne ya sake fitar da Anou Malane a 2019, shekara ashirin da huɗu bayan ɗaukarsa, watanni kaɗan kafin rasuwar Abdallah. A 2021 Mdou Moctar ya fitar da Afrique Victime, inda ya ajiye jitar lantarki a waƙoƙi biyu, "Ya Habibti" da "Layla", ya ɗauki ta katako domin girmama Abdallah. A Agadas kuwa, idan la'asar ta yi sanyi a ranar biki, akan shimfiɗa tabarmi a fili tsakanin katangun jar ƙasa, a tayar da janareta, a jingina lasifika a kan kujera, mata su zauna gefe guda cikin baƙin turkuɗi da azurfa, samari su yi da'ira, 'yan yara su hau katanga, sannan wasu matasa uku ko huɗu da ba a haife su ba lokacin da aka sa hannu a yarjejeniyar 1995 su ɗaura tsirkiya su fara. A cikin abin da za su kaɗa kafin magariba akwai waƙoƙin da aka fara ɗauka a gaban rikoda mai batir a kudancin Libiya, kuma da yawa daga cikin masu fitowa rawa bibbiyu a tsakiyar fili suna ɗaukar su waƙoƙin gargajiya ne da aka gada tun kaka da kakanni.